Ku Leƙa Ƙarƙashin Wurin Wanke-wanke Kafin Sanyi Ya Kama

Ƙannena maza da mata da kuka tafi Birtaniya neman ilimi ko aiki, da ku da kuke ɗaure kaya yanzu, akwai maganar da ba na jin wani ya yi muku ita ranar sallama. Iyaye sun ja muku kunne a kan salla, da abokan banza, da cin halal, kuma sun sauke nauyinsu. Tawa a kan ɗan kabad ɗin nan ne da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin, inda ake cusa omo da tsofaffin ledoji a mayar da ƙofa a rufe. A yawancin tsofaffin gidajen haya, ta nan sanyi ke shigowa dare da rana, ku kuma kuna biyan kuɗin korarsa ba ku san ta inda yake shiga ba.

Kuɗin ba na wasa ba ne. A shekarar karatu ta 2021/2022 ɗaliban Najeriya a jami'o'in Birtaniya sun haura 40,000, kuma sun sauka ne daidai lokacin da gas da lantarki suka yi tashin gwauron zabo. A watan Afrilun 2022 hukumar Ofgem, mai ƙayyade farashin makamashi, ta ɗaga ƙa'idarta da kashi 54 cikin ɗari, abin da matsakaicin gida ke biya a shekara ya tashi daga fam 1,277 zuwa fam 1,971. Da Oktoba ta zo sai da gwamnati ta sa baki ta tsayar da shi a fam 2,500. Daga baya ya ɗan sassauta, amma bai koma inda ya baro ba. Sannan a watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kowane fam da ake turo muku daga gida ya zama gumin wata uwa ko wani yaya ninki biyu ko fiye. Wanda ya san daga inda kuɗinsa ke fitowa ba zai yarda ya riƙa ɗumama titi da shi ba.

Sai ku fahimci irin gidajen da kuke ciki. Kusan ɗaya cikin biyar na gidajen Ingila an gina su ne kafin 1919, kuma su ne masu sauƙin haya da ɗalibi ke iya kamawa: jerin gidajen jan bulo masu manne da juna a Bradford, da Leeds, da Mancesta, da Birmingham, waɗanda aka yi wa ma'aikatan masaƙu da masana'antu. Bangonsu bulo ne zalla, kaurin inci 9, babu rata a tsakiya kamar na ginin baya-bayan nan. An yi su ne a zamanin da ake hura kwal a murhun kowane ɗaki, lokacin da shigowar iska abin so ne don wuta ta ci. Famfon ciki, da tukunyar ɗumama ruwa, da injin wanki, duk daga baya aka kawo su, kuma kowanne da ya zo sai an fasa masa bango ko daɓen katako. Kicin ɗin kuwa galibi ɗan ɗaki ne da ya zarce ta bayan gida, bangonsa biyu ko uku suna fuskantar waje, aka kafa wurin wanke-wanke a gindin taga domin magudanar ruwa tana bayan bangon.

Bututun da ke fitar da ruwan wanke-wanke faɗinsa milimita 40 ne. Mai gyaran famfo ba ya tsayawa auna bango. Yakan huda rami wanda ya fi bututun, ya zura, ya gwada ya ga ruwa na tafiya, ya karɓi kuɗinsa. Kafinta ya zo ya jingina kabad ya rufe wurin. Daga ranar ba wanda ya sake ganin ramin. Masu haya goma za su shiga su fita, kowa ya ce gidan nan akwai sanyi, ba wanda ya durƙusa ya duba.

Iska mai ɗumi ba ta da nauyi, sama take yi. A gida mai bene tana hawa ta sulale ta kafofin rufi da tagogin sama, kuma duk wadda ta fita sai wata ta maye gurbinta. Mai maye gurbin tana shigowa ne ta ƙasa, ta ramin da ya fi kusa da daɓe. Ma'ana, gwargwadon yadda kuka ƙara wa gidan zafi, gwargwadon yadda yake zuƙo sanyi ta ƙarƙashin kabad. Shi ya sa mai wanke-wanke za ta ji fuskarta da ɗumi amma ƙafafunta sun sandare. Abin da yawancinmu ke yi a nan shi ne a murɗa ma'aunin zafi sama, ko a sayo hita mai aiki da lantarki a ajiye a kicin, alhali a ƙasar kuɗin lantarki ya ninka na gas sau uku zuwa huɗu a kan zafi iri ɗaya. Ɗiban ruwa ne ana zubawa a randa mai tsaga. A fara liƙe tsagar tukuna.

Neman kafar ba ya buƙatar na'ura. Ku jira ranar da ake iska da sanyi, ku rufe ƙofofi da tagogi, ku kwashe duk abin da ke cikin kabad ɗin, musamman gwangwanayen feshi da magungunan wanki, ku kai su nesa. Ku jiƙa bayan hannu da ruwa ku bi da shi gefen kowane bututu. Jiƙaƙƙiyar fata tana jin iskar da busasshiya ba ta ji. In kuna son gani da ido, turaren tsinke da ba a rasa shi a ɗakin Bahaushe ya isa: ku kunna, ku riƙe shi kusa da ramin, ku kalli hayaƙin. In ya miƙe sama, lafiya. In ya karkace ya nufo ku, kun kama ɓarawon. Amma in kun ji ko alamar warin gas ce, kada ku kunna komai, ko ashana ko makunnin fitila. Ku buɗe tagogi ku fita ku kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999. Ku adana ta a wayoyinku tun yau.

Kada binciken ya tsaya a cikin kabad. Allon bayansa siriri ne, ainihin bangon yana bayansa da ɗan tazara, kuma ramin da ya dame ku a bangon yake. Wanda ya liƙe allo ya bar bango bai hana sanyi shiga ba, ya dai canza masa hanya ne, zai ɓullo ta ƙasa. Akwai kuma wani dogon allo a gindin kabad ɗin, dab da daɓe, wanda a mafi yawan kicin maƙale shi kawai aka yi, da an ja a hankali yake fita. Ku cire shi, ku kwanta, ku haska da tocilar waya. A nan za ku ga inda bututun ruwa ya huda katako ya fito, da inda daɓe bai haɗu da bango ba, wani lokaci har da hasken rana yana leƙowa. In kun ga ɗan baƙin kashi kamar ƙwayar shinkafa, ɓera ya riga ku sanin hanyar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ɓera kuwa kafar da fensir zai shiga, wajen milimita 6, ta ishe shi. Daga nan ku zaga ta waje ku duba inda bututun ya fito, domin sau da yawa simintin da aka shafa a bakinsa ya daɗe da zubewa.

Kafin ku toshe komai, ku tabbatar babu yoyo. Ku shimfiɗa busasshiyar takarda ƙarƙashin mahaɗar bututai ku kwana. In da safe ta jiƙe, aikin mai gyaran famfo ne, kuma a wuyan mai gida yake. Rufe wuri mai laima ruɓar da katako ne kawai.

In wurin a bushe yake, girman kafar shi zai gaya muku abin da za ku saya. Siririyar tsaga wadda ba ta kai kaurin fensir ba, silikon ake matsa mata, irin wanda ake zagaye bahon wanka da shi. A goge ƙura, a matsa, a bi da jiƙaƙƙen yatsa a daidaita. Ramin da yatsa biyu za su shiga kuwa, a fara cusa masa soson ƙarfe, wanda haƙorin ɓera ba ya iya ci, sannan a bi da kumfar gwangwani mai kumbura. Kumfar nan tana da hali, ku san shi tun kafin ku taɓa ta. Tana ninka kanta bayan an fesa, don haka kada a cika ramin, a tsaya a ƙasa da rabi a bar ta ta ƙarasa da kanta. Laima ke sa ta ƙanƙare, shi ya sa ake ɗan yayyafa wa wurin ruwa kafin a fesa. In ta taɓa fata ko tufa ba ta fita da sabulu, sai a sa safar hannu da tsohuwar riga. Iskar da ke cikin gwangwanin tana kama wuta, a kashe murhu a buɗe taga. Bayan ta bushe a yanke abin da ya yi tudu da wuƙa. Kuma akwai wuraren da ba a kai ta ko kusa: bututun gas, bututun da ke fitar da hayaƙin tukunyar ɗumama ruwa, da soket ko wayar lantarki. Waɗannan na masu lasisi ne.

Wanda mai gidansa bai ba shi izinin kumfa ba, ko yake tsoron a zaftare masa kuɗin ajiya ranar tashi, yana da hanyar da ba ta barin tabo. A yanka soso a cusa shi ya matse a ramin, a rufe da salatif mai fuskar azurfa. Bai kai kumfa kyau ba, amma za ku ji bambanci a daren farko, kuma ana cire shi cikin minti ɗaya. Duk kayan nan ana samunsu a shagunan kayan gini irin su B&Q da Screwfix, kuma kuɗinsu bai kai abin da za ku kashe a fita cin abinci sau ɗaya ba.

Yanzu maganar bututun kansa, kuma a nan nake so ku nutsu, domin a nan mai kyakkyawar niyya ke jawo wa kansa asara. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, bututun jan ƙarfe kuwa ba ya miƙewa. Yakan tsage a ɓoye cikin dare, ƙanƙarar ta toshe tsagar, ba a sani ba sai ranar da gari ya sake, ruwa ya ɓalle. Haka ta faru a watan Disambar 2022, da aka yi kwanaki ana tsananin sanyi sannan ɗumi ya zo farat ɗaya, bututai suka farfashe a sassa da dama na ƙasar, unguwanni suka kwana ba ruwa. Rigakafin wata riga ce ta soso mai tsaga a gefe, wadda ake sanya wa bututu a ɗaure da salatif. Bututan kicin galibi milimita 15 ne, wasu 22. Ku auna kafin ku saya, kuma kada ku bar gwiwar bututu tsirara, domin ta nan daskarewa ke farawa. Ku sa wa na ruwan zafi ma, zai rage ruwan da kuke zubarwa kuna jiran ya yi ɗumi.

In kuma za ku manna allon soso a bayan kabad don tare sanyin bango, ku lura da gefen da bututu ya faɗa. Dole allon ya shiga tsakanin bango da bututu, bututun ya kasance a ɓangaren ɗaki yana shan ɗumin gida. Wanda ya manna allon ta gaba ya bar bututu tsakaninsa da bango, ya raba shi da ɗan ɗumin da ke hana shi daskarewa, ya mayar da shi waje ke nan. Saboda wannan dalilin ne a daren da aka ce sanyi zai sauka ƙasa da sifiri ake barin ƙofofin kabad a buɗe, bayan an ɗauke magungunan wanki daga inda yara za su kai hannu.

Tun da kun riga kun durƙusa, ku nemi makullin ruwan gidan gaba ɗaya. A yawancin gidaje a ƙarƙashin wurin wanke-wanken yake, ɗan famfo ne na tagulla a jikin bututun da ya fito daga ƙasa. Ana murɗa shi yadda hannun agogo ke tafiya sai ruwa ya tsaya. Ku gwada shi yanzu da rana tsaka, ku nuna wa duk wanda kuke zaune tare, domin wanda ya shekara goma ba a taɓa shi ba yakan ƙi motsi, kuma ƙarfe biyun dare da ruwa har idon sawu ba lokacin koyo ba ne. Masu zuwa gida hutun Disamba, kada ku kashe ɗumama gaba ɗaya don tsimi. Ku bar ta a ƙasa-ƙasa, wajen digiri 12, ko ku rufe makullin ku buɗe famfuna su tsiyaye. In bututu ya riga ya daskare, tawul mai ɗumi ko na'urar busar da gashi ake bi da shi a hankali. Ba a kai masa harshen wuta.

Akwai abin da ya fi duk wannan nauyi a zuciyata. Ina tsoron wani ya karanta abin da na rubuta, ya ji daɗin sakamakon farko, ya bi gida yana toshe duk kafar da ya gani. Kafa iri biyu ce a gida: wadda sakaci ya bari, da wadda magini ya yi da gangan don gida ya yi numfashi. Bulo mai ƙananan huji da za ku gani a gindin bango ta waje, shi ke shigar da iska ƙarƙashin daɓen katako don kada ya ruɓe. Siririyar kafar da ke saman firam ɗin taga, da fankar da ke zuƙe tururi, da ragar da ke bango kusa da na'urar gas, duk da dalili aka sa su. Alamar gane su mai sauƙi ce: abin da aka yi da gangan yana da tsari, yana da murfi ko raga, gefensa a daidaice. Ramin sakaci kuwa bakinsa a farfashe yake. Wanda aka yi da gangan ba a taɓa shi, komai sanyi.

Mu ba baƙin musibar da rashin iska ke jawowa ba ne. Kusan kowace shekara muna jin labarin iyalin da suka kwanta da janareto a cikin gida, ko suka shiga da kaskon gawayi ɗaki cikin hunturu suka rufe ƙofa da taga, aka wayi gari ba wanda ya tashi. Iskar da ke kashe su ba ta da wari ba ta da launi, kuma ita ce dai na'urar gas ke fitarwa in ba ta samun isasshiyar iska. Don Allah kada wanda ya kunna murhun gas ko tanda don ɗumama kicin, kada kuma a hura gawayi a rufaffen ɗaki. Harshen wutar gas mai lafiya shuɗi ne. In ya koma rawaya yana lilo, ko tukunya na yin baƙin hayaƙi, ko kuna fama da ciwon kai da jiri waɗanda ke sakin ku da kun fita waje, ku kashe, ku fita, ku kira lambar gaggawar nan ta gas. Doka ta wajabta wa mai gidan haya ya kawo ma'aikaci mai rajistar Gas Safe ya duba kayan gas sau ɗaya a shekara ya ba ku takardar, kuma tun Oktoban 2022 a Ingila dole ya sa ƙararrawar gano wannan iska a ɗakin da tukunyar ɗumama ruwa take. Murhun girki bai shiga cikin wajabcin ba, don haka in shi kaɗai ne a kicin ɗinku, ku sayi ƙararrawar da kuɗinku.

Sai laima. Girkinmu ba irin na mutanen Birtaniya ba ne. Mu masu tafasa nama ne, da dafa wake, da tuƙa tuwo, tukunya ta yi awa biyu tana tururi, ga wanki an shanya a kan ƙarfen ɗumama ɗaki saboda babu rana. Duk ruwan nan yana cikin iska, kuma da ya taɓa bango mai sanyi sai ya koma raɓa, raɓa ta haifi baƙar fumfuna. Bayan kabad ɗin wanke-wanke yana cikin wuraren da take fara kamawa. Kada ku ɗauke ta ƙazanta ce kawai ta ido. A watan Disambar 2020 wani yaro ɗan shekara 2, ɗan wasu 'yan Sudan, ya rasu a garin Rochdale, kuma binciken da aka kammala a Nuwamban 2022 ya tabbatar fumfunar gidan da suke haya ce ta lalata masa numfashi, bayan mahaifinsa ya daɗe yana kai ƙara. Saboda haka gidan da kuka toshe wa kafofin sakaci, ku ne za ku riƙa ba shi iska da hannunku: a rufe tukunya, a kunna fanka tun daga ɗora girki har bayan saukewa, a buɗe taga na minti goma bayan an gama, a rufe ƙofar kicin kada tururi ya bi ɗakunan kwana. Iskar da kuka shigar da kanku na minti goma ba ta kai asarar ramin da ke buɗe awa 24 ba. Kuma kada tsimi ya kai ku ga zama cikin sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗakin zama ya gaza digiri 18, balle inda akwai jariri ko tsoho.

Na san halinmu da kunya, da gudun a ce baƙo ya cika ƙorafi. Amma gyaran bango, da magudana, da bututan ruwa, a Ingila dokar haya ta 1985 a kan mai gida ta ɗora shi, ba alfarma yake yi muku ba. Ku ɗauki hoton ramin, ku rubuta masa ko ejan ɗinsa cikin ladabi, ku ce ga abin da kuka gani, ko ya turo a gyara ko ya ba ku izini a rubuce ku toshe. Maganar baka ba ta zama shaida. In ya yi biris da laima ko fumfuna, ƙaramar hukumar yankinku tana da sashen da ke duba lafiyar gidajen haya. Ta ɗaya gefen kuma, gidan mutum amana ne a hannunku, ba a fasa ko a liƙe abin da ba ya ciruwa sai da saninsa. Masu neman sabon gida, ku tambayi takardar da ke nuna yadda gidan ke riƙe zafi, mai daraja daga A zuwa G. Tun Afrilun 2020 doka ta hana bayar da hayar gidan da ya gaza E a Ingila da Wales, sai wanda aka yi wa rangwame na musamman. Gida mai C da gida mai E suna iya zama kuɗin haya ɗaya, amma ba za su zo muku da takardar kuɗin gas iri ɗaya ba.

Ku kuma samari masu zama da iyali, kada digiri ya hana ku durƙusawa. Wadda ke tsayawa a wurin nan safe da yamma, sau da yawa da goyo ko da juna biyu, ita ke shan sanyin, kuma mai yiwuwa ba za ta faɗa ba. Aikin bai fi na yammacin Asabar ɗaya ba. Ku yi shi a Satumba ko farkon Oktoba, domin silikon da kumfa ba sa kamawa da kyau in sanyi ya yi ƙasa da digiri 5, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu masu gyaran famfo ba sa samun sararin amsa waya.